Tayar da Na Bari a Zaure

Motar kujera biyu gare ta, tawa da ta wanda ya yi sa'a. Ja ce, mai ƙofa biyu, cikinta kusan yana lasar ƙasa. Na saye ta bayan na shafe shekaru ina aikin awon filaye a Sakkwato, ana cusa ni a motocin haya tare da buhunan albasa. Ranar da na fara shiga Gummi da ita sai da na fito sau uku ina leƙa ƙarƙashinta kafin in haye kwalbatin ƙofar gidanmu. Inna ta fito bakin zaure, ta dube ta daga gaba har baya, sannan ta ce, "Babana, ina sauranta?" Babana take kirana, saboda sunan mahaifinta aka sa mini.

Ba ta zo da safayar taya ba, kuma ba sace ta aka yi ba. Haka masu ita suka ƙera ta. But ɗinta ko buhun gero ba zai ɗauka ba. A madadin taya sun saka wani ɗan akwati baƙi, a ciki akwai ƙaramin injin iska da ake jonawa a jikin motar, da wata allura mai mariƙi, da igiyoyin roba masu danƙo. Tayoyin irin marasa tib ne, wato babu wata roba ta daban a ciki da ke riƙe iska. In ƙusa ta huda, sai ka zare ta, ka cusa igiya ɗaya a ramin, ka ba da iska, ka wuce. Na gwada a tsakar gidana a Sakkwato, agogo a hannu, ban kai minti goma ba. Daga ranar na fara yi wa mutane lacca a kan ci gaban duniya.

Duk da bakina, zuciyata ba ta kwanta ba. Wanda ya san hanyoyinmu ya san dalili. Sai na sa wani bakanike ya nemo mini taya da rim ɗinta, wato ƙarfen da ake sa ta a kai, daidai da motar, da jak da sifana. Jak da sifana suka shige bayan kujera. Tayar kuwa ta ƙi shiga but ko ta yaya aka juya ta, don haka na ɗora ta a kujerar gefena na ɗaura mata bel. Haka nake yawo da ita. Abokaina suka samu abin yi, duk inda na tsaya sai an leƙo an ce a gaida amarya.

Hutun da nake ba da labarinsa ƙarshen damina ne, ana yankan gero, dawa kuwa ta fi mutum tsawo. Kwana biyu da zuwana gida na lura tayar baya ta hannun dama tana sacewa a hankali. Na duba ban ga ƙusa ba. Na kai motar wurin tsohon mai facin unguwarmu, wanda tun keken mahaifinmu shi ke yi masa faci. Ya nuna mini benci ya ce in zauna. Na dubi bencin, baƙi ƙirin da man inji, na dubi farar shaddata, na ce ina da uzuri, na tafi shan shayi. Da na dawo ya riga ya ɗaura tayar, yana goge hannu yana murmushi.

"Na yi mata magani na har abada," ya ce. "Wagga ba ta ƙara sace maka."

Na yi godiya na ja motata. Ban tambaye shi wane magani ba ne.

Mako guda bayan nan, da hantsi, wayar Inna ta yi ƙara. Babban ɗan Kawu ne daga Anka. Kawu yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya, malamin allo, kuma shi ya riƙe ta bayan rasuwar iyayensu har ya aurar da ita. Shekara uku ba su ga juna ba. Ba faɗa suka yi ba, hanya ce ta lalace da 'yan bindiga, shi tsufa ya hana shi fitowa, ita kuma mu muka hana ta. Ina tsaye na ji muryar ɗan nasa ta cikin wayar yana cewa jikin Malam ya yi tsanani tun asuba, ba ya cin komai, kuma duk ya farfaɗo tambayarsa ɗaya ce, ko ta taso.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki, ta fito da mayafi da 'yar jakarta da carbi, ta tsaya a gabana.

Motocin haya na safe sun riga sun tafi, kuma ko da akwai, gwiwar Inna ba ta jure a matse ta da mutum huɗu a baya. Motata ce kawai. Muka fito ƙofar gida, na buɗe mata ƙofa, sai ga amarya zaune ɗaure da bel.

Na kwance tayar na sauke ta ƙasa. Muka tsaya mu uku, ni da Inna da ita.

"Ɗaura ta bisa bayan motar da roba," in ji Inna. "Kowa haka shika yi."

Na ce gilashin baya zai fashe. Gaskiyar magana fentin nake ji.

"To in shiga, ka aza min ita bisa cinya."

"Haba Inna!"

"Mi a ciki? Ni da nika ɗauko damen gero tun daga hwadama?"

Nan raina ya ɓaci, kuma har yau ina jin kunyar abin da ya ɓata shi. Ba gwiwarta na tuna ba. Tasha na tuna, da masu shayi, da abokaina. Na hango mu muna ratsa Gummi, tsohuwa ta rungume taya har haɓa, ana cewa ga ɗan da ya sayi motar gayu ya mai da uwarsa karen mota. Na ɗaga murya na ce ba za a yi wannan da ni ba. Na buɗe but na ɗauko akwatin nan na nuna mata allura da igiyoyi, na ce wannan ya fi taya goma, minti goma ne an gama. Ta dubi akwatin, ta dube ni.

"Kai ka san abinka," ta ce, ta shiga ta zauna.

Na gangara tayar cikin zaure na jingina ta da bango.

A lokacin ba a bin hanyar Anka mota ɗaya. Direbobi kan taru a bakin gari, in sun kai biyar ko shida su tashi tare, kowa yana ganin bayan na gabansa. Akwai ƙa'idar da ba wanda ya rubuta amma kowa ya sani: in motarka ta tsaya a daji, ba a tsaya maka. Ba mugunta ba ce, kowane direba rayuka ya ɗauko. Kuma da an yi la'asar hanya ta rufe ke nan sai gobe. Muka samu ayarin rana ana shirin tashi wajen sha biyu. Wani direban bas ya leƙo ya ga Inna, ya gaishe ta, ya dubi tayoyina masu kama da faifai, ya koma motarsa. Na so ya yi magana in ba shi amsa.

Mu ne na uku a layi. Kwaltar ta mutu a wurare da yawa, ramuka sun cika da ruwa, ni kuma dole in bi kowane rami a karkace kada cikin motar ya daki ƙasa. Motar da na saya don gudu, sai ga bas mai kaya a kai tana danna mini oda. Ɗaya bayan ɗaya suka wuce ni har muka zama na ƙarshe. Inna tana jan carbi. Sau biyu ɗan Kawu ya kira, sau biyu ta ce, "Ka ce mai ga mu bisa hanya." Da muka shiga ƙasar Bukkuyum sai sabis ɗin waya ya ɗauke.

Mun yi nisa a wani miƙaƙƙen wuri, dawa dama da hagu, babu gida babu rumfa, sai na ji bayan motar yana lilo. Na yi kamar ban ji ba. Sai sitiyari ya fara ja, ƙarar ta fito fili, faf-faf-faf. Na danna oda da ƙarfi ko na gabanmu zai waiwayo. Na ga fitilar birkinsa ta kama, ta saki. Ya ci gaba. Na gangara gefe na kashe mota, kuma ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba.

Tayar baya ce ta hannun dama, ta zauna ƙasa. Na samu abin da ya huda ta nan da nan, wani guntun ƙarfe mai kaifi. Har wani daɗi na ji, don ga ranar akwatina ta zo. Na ce wa Inna kada ta fito. Na zare ƙarfen, na soka allura na buɗa ramin kamar yadda na koya, na cusa igiya, na yanke saura. Na jona inji ya fara kuka. A tsakar gidana ƙarar ba ta dame ni ba. A nan kuwa ji na yi kamar shela nake wa duk wanda ke cikin dajin cewa ga mu.

Tayar ta ɗan ɗago. Na kashe inji. Ina tsugune ina kallo ta koma ta zauna.

Na ce ramin ne bai toshe ba. Na sake soka allura, na ƙara igiya ta biyu. Iska ta shiga, iska ta fita. Na tofa miyau a kan facin, ko kumfa babu. Na bi tayar da tafin hannu ina neman wani ramin, na kwanta a ƙasa da farar shaddar nan da na ƙi zama da ita a benci, ban samu komai ba. Igiya ta uku ta suɓuce mini ta faɗi cikin ƙasa. Na zagi motar, na zagi wanda ya ƙera ta, na zagi wanda ya sayar mini. Kowane motsin ganyen dawa sai na ɗago kai.

Inna ta buɗe ƙofa, ta sunkuya ta dafa ƙasa ta yi taimama, ta yi azahar a zaune. Da ta sallame ta ce, "Babana, minti goman bai cika ba?" Ba da gatse ta faɗa ba, tambaya take da gaske, kuma hakan ya fi ciwo.

Sai muka ji babur.

Ba daga kan titi yake zuwa ba, daga cikin gona ne, ta wata 'yar hanya da ban ma lura da ita ba. Duk wanda ya zauna yankinmu ya san abin da ƙarar babur daga daji take nufi. Na tsaya ina ƙirga ko guda nawa ne. Na ɗauki sifana, ni kaina na san ba abin da za ta yi. Na matsa na tare ƙofar Inna da jikina. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba, kuma a cikin tsoron abin da nake gani kawai tayar nan ce jingine a zaure.

Babur ɗaya ne, mutum ɗaya. Ya naɗe fuska da rawani sai idanu, ga lauje a soke a gaban babur, ga damin gero ɗaure a baya. Ya tsaya nesa kaɗan bai kashe inji ba. Ya dube mu, muka dube shi. Na lura shi ma sifanar hannuna yake kallo.

Inna ce ta yi sallama. Ya amsa, ya sauke rawanin zuwa haɓa. Magidanci ne, gemunsa ya fara furfura. Ya ce shi mutumin Zugu ne, gona ya je ya kwaso abin da ya samu kafin a riga shi.

"Alhaji, nan ba wurin tsayawa ba na," ya ce. "Da sahe sunka ƙetare ta nan da shanu. In rana ta karkata suna komowa."

Na ce na sani, taya ce ta ƙi riƙe iska, na fara yi masa bayanin tayar zamani marar tib. Bai saurare ni ba. Ya sauko ya tsuguna, ya kama bakin bawul, wato inda ake ba taya iska, da yatsa biyu ya girgiza. Bawul ɗin ya yi lilo a raminsa. Ya ce in kunna injin iskar. Na kunna, ya tofa miyau a gindin bawul, sai ga kumfa tana tashi.

"Wagga da tib cikinta," ya ce.

Na ce ba zai yiwu ba.

"Awo, akwai. Wani ya sa maka. Kuma yadda kas soke ta da wanga ƙarhe, ka gama da ita."

Maganin har abada ke nan. A garuruwanmu in ka kai wa mai faci tayar da ke sacewa bai ga rami ba, tib yake zura mata, don a wurinsa tayar da ba ta da tib ba ta cika taya ba. Haka yake yi wa kowa, kuma kowa yana gode masa. Ni ma na san da haka tun ina yaro. Da na zauna a bencin nan minti biyar da na gani da idona. Yanzu igiyoyina sun toshe tayar waje, tib ɗin ciki kuwa ni da hannuna na yayyaga shi, iska tana bi ta gindin bawul tana fita.

Mutumin ya dubi rana, ya dubi Inna. Ya ce in mun yarda zai sauke geronsa ya ɗauke ta ya kai ta Anka, ya san hanyoyin gona. Inna ta riga ta ɗauki jakarta ta zuro ƙafa ɗaya waje. Na dubi mutumin. Ban san shi ba, ban san ubansa ba, ban san ko Zugun ma gaskiya ce ba. Ana ba da labarin masu leƙen asiri da ke yawo da lauje. Na hango a zuciyata babur yana shigewa da uwata cikin dawa ni ina tsaye da sifana. Na ce a'a.

"Babana, shina jirana," in ji Inna.

Na ce a'a, Inna. Ban iya kallon fuskarta ba.

Mutumin bai ji haushi ba. Ya ce, "In ni na, ni ma ba ni badawa." Sannan ya ce in hau rim in tafi, ko da rarrafe ne, kada in ƙara minti ɗaya a wurin.

Haka aka yi. Na watsa akwatin a but, na tada mota. Robar ta yi ta bugun jikin motar har ta yayyage ta fita, daga nan sai ƙarfe a kan kwalta, ƙarar tana shiga har haƙori. Fentin da na ji wa tsoron roba, ina ji ana kankare shi. Ban iya wuce giya ta biyu ba, in na ƙara sai bayan motar ya nemi juyawa. Mutumin ya yi gabanmu a hankali, yana waige, har muka kai wata mararraba, ya ɗaga hannu ya karkata. Ban ko tambayi sunansa ba.

Sauran tafiyar idona ɗaya a madubi, ɗaya a rana. Sau ɗaya na hango ƙura a bayanmu, ashe guguwa ce ta ratsa titi. Na saci kallon Inna. Ta riƙe wayarta a cinya da hannu biyu, a daidai inda ta ce in ɗora mata tayar, tana jiran sabis ya dawo. Da muka fara ganin rufin gidajen Anka wayar ta yi ƙara. Ta duba, ta ga mai kiran, ba ta ɗauka ba. Ta sake yin ƙara har ta katse. Ana kiran la'asar muka shiga gari, yara da manya suna fitowa kallon jar motar da ke tafiya da ƙafa uku.

A ƙofar gidan Kawu mun tarar an fara shimfiɗa tabarmi. Ɗansa ya taso, idanunsa jawur, ya durƙusa a gefen ƙofar Inna. Ya ce bai fi rabin awa da cikawa ba. Ya ce har azahar Malam yana cikin hankalinsa, ya sa an juya masa shimfiɗa ta fuskanci ƙofa.

Inna ta yi salati, ta dafa kafaɗata ta fito, ta shiga ciki. An bar ta ta gan shi kafin a yi masa wanka. Ni na tsaya a waje ina lissafin da ba shi da amfani. Canjin taya, in ya yi yawa, minti ashirin. Mun ɓata fiye da awa biyu.

Kwana bakwai muka yi a Anka. Duk wanda ya ji labarin sai ya ce kwana ne ya ƙare, ko da jirgi muka zo ba za mu ƙara masa numfashi ɗaya ba. Na yarda da wannan, ban taɓa musu ba. Amma ba ƙarin kwana Inna ta je nema ba, ganinsa ta je yi. Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta ɗaga maganar ba. Na so ta yi mini faɗa, ta ƙi.

Motar a Anka na bar ta wurin wani bakanike. Muka dawo Gummi a motar haya da ayarin safe, na karɓa wa Inna kujerar gaba ita kaɗai. Da muka iso gida na riga ta shiga zaure da kaya. Tayar tana nan inda na jingina ta, cike da iska, kaza har ta yi ƙwai a bayanta. Na so in wuce da sauri in tare ta da jikina, amma Inna ta riga ta gani.

Ta ajiye jakarta. Ta sunkuya, da gwiwar nan tata, ta sa hannu biyu ta ɗaga tayar har ta rabu da ƙasa. Ta riƙe ta jim kaɗan kamar mai awo a kasuwa, sannan ta mayar da ita a hankali ta jingina.

"Ko damen gero ba ta kai ba," ta ce.

Ta ɗauki jakarta ta shige cikin gida.